Wane kaya zan sa in tafi intabiyu, kwat ko kaftani?

Duk kanin da ya gama bautar kasa aka turo masa sakon intabiyu, tambayar farko da yake yi ita ce "Yaya kwat zan sa ko manyan kaya?" Toh gaskiya babu kaya daya da ya dace da ko ina. Wajen da ya kira ka shi ne zai nuna maka abin da zaka sa, kai dai naka ka bincika kafin ranar. Hausawa suka ce in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka ka daura, maganar kenan, sai dai kai da kake neman shiga zaka dan fi su gyara kadan.

Fara da sakon da aka turo maka, ka karanta shi har kasa, don wasu suna rubuta irin shigar da suke so amma mutum yana ganin rana da lokaci sai ya rufe waya ya fara kiran 'yan uwa. Misali masu neman aikin dan sanda, ranar tantancewa farar riga da farin gajeren wando ake cewa a zo da su, kaga wanda ya je da shadda ai bai ma fara ba. In ba a rubuta komai ba kuma ofishin yana garinku, ka daure ka je ka tsaya kusa da kofar wajen da safe wajen karfe bakwai da rabi zuwa takwas ka ga ma'aikata suna shiga. Amma dan Allah ranar Litinin ko Talata zaka je, ba Juma'a ba, don ranar Juma'a har ma'aikatan banki manyan kaya suke sawa, in ka yi koyi da shigar Juma'a zata rude ka. In wani gari ne, ka duba shafinsu na Facebook ko LinkedIn ka ga hotunan taronsu, ko ka nemi wani da ya san wani a ciki. Kuma ba abin kunya bane ka kira lambar da ke jikin sakon ka gaisa ka ce ranka ya dade ko akwai irin shigar da ake bukata, wallahi babu wanda zai rage maka maki don ka yi wannan tambayar.

In banki ne, ko kamfanin inshora, ko ofishin lauyoyi, ko manyan kamfanonin nan masu hedikwata a Legas, kwat ce. Baka, ko ruwan toka mai duhu, ko shudi mai duhu, da farar shat mai dogon hannu da taye mara hayaniya, bakin takalmi sau ciki da safa mai duhu, belt ma baki. Kar ka ce ai bankin da ba ruwansa da kudin ruwa ne irin Jaiz ko TAJ shikenan komai ka sa ya yi, su ma banki ne suna da tsarinsu, ka bincika. Abin da yake kayar da yaranmu a kwat ba tsadarta bane, zamanta a jiki ne. Kafadar ta tsaya daidai inda kafadarka ta kare, hannun ya tsaya a wuyan hannu yadda bakin shat zai dan leko, ba ya rufe maka yatsu ba. Akwai wani dan kyalle mai sunan kamfani da ake dinkawa a bakin hannun sabuwar kwat, cire shi ake yi, haka zaren da aka dinke tsagar baya da shi, a sa reza a hankali a cire. Maballin kasa a bude ake barinsa, in zaka zauna kuma ka bude gaba daya kar ta tattare maka a kirji. Taye ya sauko ya taba kan belt, kar ya tsaya a tsakiyar ciki. In baka iya daurawa ba ka sa wani ya daura maka tun dare ka sassauta ka cire ta kai ka rataye.

Wanda bashi da kudin sabuwa kar ya damu kansa, gwanjo akwai masu kyau sosai a Kofar Wambai in a Kano kake, ko Kasuwar Barci a Kaduna, ka zabi wadda kafadarta ta yi maka daidai don kafada ita ce tela zai sha wahalar gyarawa, amma tsawon hannu da na wando da rage ciki duk aikin dan lokaci ne. Sai ka kai wanki don warin dila ya fita. Aro ma ba laifi bane in jikinku daya da mai ita, amma in ta yi maka yawa kana yawo a ciki, gara ka sa shat da taye kawai masu tsafta.

Aikin gwamnati a nan arewa kuwa, ma'aikatar jiha, karamar hukuma, jami'a, kwalejin ilimi, makarantu masu zaman kansu, kaftani da hula cikakkiyar shiga ce, kar wani ya sa ka ji kamar sai ka sa kwat ne ka waye. Yawanci ma wadanda zasu yi maka tambayoyin kaftanin ne a jikinsu. Sai dai kaftani ma kala kala ne. Ka nemi yadi ko shadda mai kala daya a kwance, fari, ruwan sararin samaniya, ruwan toka, ruwan kasa, mai dan aiki kadan a wuya, ba irin dinkin angwaye mai aiki tun daga wuya har cibiya ba. Sabuwar shadda mai maiko da take kara in ka motsa ka ajiye ta sai sallah. Singileti a ciki dole, musamman in yadin mara kauri ne. Hula kube ko zanna wankakkiya wadda ta sha kari, ka kalli bakinta ta ciki, in ya yi baki da gumi ka kai wa masu wankin hula tun da kwanaki don ba ta bushewa a yini daya. Takalmi rufaffe, ba silifas ba, komai tsadarsa. Jallabiya ta masallaci ce da zaman gida.

Babbar riga kuma ni a ganina ka bar ta. Kana neman matakin farko ka shigo da malum malum ka fi daraktan da ke kan kujera cika daki, kana magana kana ta tattara hannun riga kana dorawa a kafada, hankalinka ya rabu biyu. Wannan sai masu neman babban mukami irin rijistara ko shugaban makaranta, su ya dace da su. In kuma Abuja ce ma'aikatar tarayya, kaftani da kwat duk suna tafiya. Legas ko Fatakwal a kamfani mai zaman kansa, in baka samu wanda ya tabbatar maka ba, ka karkata wajen kwat.

Kungiyoyin agaji irin wadanda suka cika Maiduguri da Damaturu da Yola, da kamfanonin kwamfuta, da gidajen rediyo, su basu cika takura ba. Shat mai dogon hannu da wandon yadi ka yi zanzaro, ko kaftani mara nauyi, ya wadatar. Amma don ka ga ma'aikatansu da jins da tishat ba shi ne kai ma zaka je haka ba, su sun riga sun samu aikin. Rigar kwallo da yagaggen wando da hana sallah duk a gida.

Sai aikin da ake iya cewa tashi ka gwada mu gani. Direba, makaniki, mai aikin wuta, wanda zai shiga masana'anta a Sharada ko Bompai ko Challawa a Kano, kaya masu yalwa kusa da inji hatsari ne, ka sa wanda ya kama jiki daidai da takalmi mai rufe yatsu. Malamin makaranta ma sau da yawa ana ba shi alli ko maka a ce ya koyar na 'yan mintuna, ka daga hannu a gida kamar kana rubutu a saman allo ka ga ko rigar zata baka dama.

'Yan uwa mata naku ya fi bukatar natsuwa don zabin ya fi yawa. Abu na farko, kar ki cire hijabinki ko ki rage suturarki don tsoron kar a ki daukarki. Amasa Firdaus an hana ta shiga bikin rantsar da lauyoyi a karshen 2017 saboda hijabi, ta tsaya a kan bakanta, a 2018 aka rantsar da ita da hijabinta, kuma a 2022 Kotun Koli ta tabbatar wa dalibai mata a makarantun jihar Legas 'yancin sa shi. Wajen da sai kin tube mayafi zasu dauke ki, zaman ma ba zai yi miki dadi ba. Abin da ake so shi ne sutura a kintse. Abaya mai kala daya mara duwatsu da mayafinta, ko atamfa mai sanyin kala dinkin doguwar riga ko riga da siket ba mai tarin ado ba, da mayafin da ya shiga da ita. In banki ne, kwat ta mata da dogon siket ko wando mai fadi da dan madaidaicin hijabi baki ko fari ko ruwan toka. Mayafin nan dan Allah ki sa masa fil ki kafe shi, na sha ganin yarinya mai kokari tana bada amsa mai kyau amma hannunta daya yana kan gyale yana zamewa tana janyowa, har ta manta inda ta tsaya a magana. Leshi mai kyalli, gwaggwaro, sarka da dan kunne manya, awarwaro masu kara duk lokacin da kika motsa hannu, wannan kayan biki ne. Kwalliya sama sama. Kunshi in akwai shi a hannu ba komai, amma ba sai kin je an zana miki na musamman ba. Takalmi wanda kika saba tafiya da shi, don wani ofishin hawa uku ne kuma ba lif. Mai sa nikabi ta shirya cewa za a so a hada fuskarta da hoton da ke takardunta, sai ta nemi mace ta duba ta cikin ladabi.

Turare kuma, maza da mata, a yi hakuri a rage. Humra da turaren wuta da udu mai karfi a cikin dan karamin daki mai esi kofa a rufe, wani a cikin masu tambayar yana da asma ko ciwon kai, tun kafin ki bude baki ya kosa ki fita. Wanka da dan abin hammata da feshi daya ya isa.

Ka kuma yi lissafin hanya da yanayi, don kayan da ka fito da su daga gida ba su ne suke isa ofis ba. Watan Maris zuwa Mayu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zafi yana haura digiri 40, in ka sa kwat tun daga gida ka shiga adaidaita sahu mutum uku a baya, kafin ka isa shat ta jike. Ka rike kwat din a hannu ko a leda mai tsafta sai ka iso bakin get ka sa, da hankici a aljihu. Lokacin hunturu farin kaya yana komawa ja saboda kura kafin ka sauka, kuma ka shafa mai a hannu da lebe da kafa kar ka mika takarda hannu fari fat. Damina kuma tabo ne, ka rike lema, in unguwarku tana cabewa ka fito da silifas ka sa takalmin a jaka sai ka hau titi. Ka isa da kamar rabin awa kafin lokaci, ka samu bandaki ko wajen alwala ka wanke fuska ka gyara hula, in akwai shushaina a bakin hanya ya dan goge maka takalmi.

Guga kar ka bar ta sai safiyar ranar kana jiran a kawo wuta. Ka yi tun jiya ko shekaranjiya ka rataye, in dutsen gawayi ne ka goge kasansa da tsumma ka fara gwadawa a wani kyalle don toka daya in ta diga a farar shat shikenan. Ka sa kayan gaba daya har takalmi ka zauna a kujera ka mike ka sunkuya, a nan zaka gane wando ya matse ko maballi ya kusa fita. Aski kwana daya ko biyu kafin ranar, gemu a taje a daidaita, ba sai ka aske ba sai dai in aikin damara ne da suke da dokarsu. Farce a yanke, goro da sigari a hakura da su wannan safiyar. Takardunka a cikin fayil, ba a nade a leda ko a ninke a aljihu ba. Kakin bautar kasa da takalminsa kuma an gama da su, kar ka je da su.

In intabiyun ta waya ko kwamfuta ce, Zoom ko Google Meet, shigar dai ita ce wadda zaka yi da a ce zuwa zaka yi, har kasa, don ana iya cewa tashi ka dauko satifiket dinka. Kaya mai kala daya ya fi fita a kyamara a kan mai kananan layi layi, ka zauna haske yana gabanka ba bayanka ba, ka jingina wayar da wani abu daidai fuskarka, kuma ka fada wa mutanen gida tun da wuri kar wani ya daga labule ya shigo.

In Allah ya sa aka sake kiranka zagaye na biyu, yanzu ka riga ka ga masu wajen da idonka, sai ka daidaita da abin da ka gani amma kar ka sassauta, don a zagaye na biyu ne manyan suke zama. In kwat din daya ce gareka ka maimaita ta, ka canza shat da taye kawai.