Babi na Shida: Shanyewar Ɓarin Jiki, Magani da Jinya

Ku karanta wannan babi a hankali, a bayyane idan kuna so. Inda kalma ta yi muku wuya, ku tsaya ku rarraba ta gaɓa-gaɓa, sannan ku ci gaba. Ku riƙe fensir da takarda, domin akwai lambobin da za mu rubuta tare.

Darasi na 1: Ciwon yana cikin kai

Ƙwaƙwalwa ce ke ba hannu da ƙafa da harshe umarni. Da jini take rayuwa, jinin kuma ta jijiyoyi yake zuwa mata. Idan jini ya yanke wa wani sashe nata, sashen yakan fara mutuwa cikin 'yan mintoci, gaɓar da yake juyawa kuma ta daina aiki. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki. Hannun da ya faɗi ba shi ne mai ciwo ba, shi ya sa murza shi ko shafa masa mai ba ya kai wa ga ciwon.

Iri biyu ne. Na farko toshewa: gudan jini ya tokare jijiya, jini ya kasa wucewa. Wannan ya fi yawa. Na biyu fashewa: jijiya ta fashe, jini ya zuba a cikin kai. Daga waje kamanninsu ɗaya, ko likita ba ya tabbatarwa sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke juya daman jiki, ɓangaren dama ke juya hagu. A wurin yawancin mutane magana a ɓangaren hagu take, don haka wanda damansa ya shanye sau da yawa maganarsa ma takan rikice.

Darasi na 2: Kalmomi huɗu

Ku rubuta su a takardarku: FUSKA, HANNU, MAGANA, LOKACI.

Fuska: ku ce ya yi murmushi. Shin baki ya karkace gefe ɗaya?
Hannu: ku ce ya ɗaga hannuwa biyu ya riƙe su a sama. Shin ɗaya yana sauka da kansa?
Magana: ku ce ya maimaita gajeriyar magana, kamar "yau rana ta fito". Shin harshe ya yi nauyi, ko kalmomi suna fita a hargitse, ko bai gane abin da kuka ce ba?

Alama ɗaya ta isa, kada ku jira ukun su taru. Haka kuma idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri ya hana shi tsayuwa, ko ciwon kai irin wanda bai taɓa yi ba ya sauko masa nan take. Yawanci shanyewa ba ta zuwa da zafi, kuma rashin zafin ne ke yaudarar iyali su zauna.

Kalma ta huɗu darasi ce mai zaman kanta.

Darasi na 3: Lokaci

Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Wanda ya kuskure a karon farko kada ya ji kunya, kusan kowa haka yake farawa.

Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi daga farkon ciwo. Bayan haka haɗarinta na jawo zubar jini a kai yana ƙaruwa, amfaninta yana raguwa. Shi ya sa tambayar farko da likita zai yi ita ce: yaushe aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya?

Ku sake karanta tambayar. Bai ce yaushe kuka same shi a kwance ba. Bai ce yaushe kuka taso ba. Cewa ya yi yaushe aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya.

Ga yadda ake rubuta lokaci. Lambar farko awa ce, sai ɗigo biyu ɗaya bisa ɗaya, sai mintoci. A ƙarshe a sa safe, rana, yamma ko dare. 7:15 na safe, wato ƙarfe bakwai da kwata na safe. Idan ba ku rubuta kalmar "safe" ba, likita ba zai san ko na dare ba ne, kuma tsakaninsu awa 12.

Misali na farko. Kuna hira da mahaifinku, sai bakinsa ya karkace a gabanku. Kun dubi agogon waya, 7:15 na safe. Ku rubuta 7:15 na safe. Ku ƙara awa 4, ya zama 11:15. Ku ƙara minti 30, ya zama 11:45. Kafin 11:45 ake so a ce an isa asibiti, an ɗauki hoto, an duba jini, an fara allura. Ba isowa ƙofar asibiti ake nufi ba. Kuma ko a cikin waɗannan awoyi, wanda aka yi wa da wuri ya fi wanda aka yi wa a ƙurarren lokaci, domin masana sun ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan biyu ke mutuwa a kowane minti.

Misali na biyu. Tsohuwa ta kwanta lafiya da ƙarfe 10:00 na dare. Da 5:30 na asuba aka same ta hannu ba ya ɗaguwa. Wanne za ku rubuta? Da yawa sukan rubuta 5:30, kuma kuskure ne. Ku rubuta 10:00 na dare, domin nan aka yi mata ganin ƙarshe tana lafiya. Idan kuwa wani ya gan ta da 3:00 na dare ta tashi da ƙafarta har sun yi magana, to 3:00 na dare za a rubuta. Ku tambayi kowa a gidan, har yara.

Misali na uku. Kun fita da 8:00 na safe kun bar shi lafiya. Kun dawo da 1:00 na rana kun same shi a ƙasa. Maƙwabci ya ce sun gaisa da 11:20, ya amsa masa sarai. Ku rubuta amsarku kafin ku karanta layi na gaba.

Amsa: 11:20 na safe. Wanda ya samu, madalla da shi. Wanda ya rubuta 1:00 ya koma misali na biyu, ba komai, sannu a hankali zai zauna.

Wayar maras lafiya ma tana taimakawa: ku duba kiran ƙarshe da ya yi ko saƙon ƙarshe da ya tura, lokacin yana rubuce a gefe. Idan babu takarda ku rubuta a tafin hannunku. Kada ku ce za ku riƙe a kai, tsoro yana goge abin da aka riƙe.

Ko da awa 4 da rabi sun wuce, a kai shi. Akwai sauran magani, kuma ana buƙatar lokacin nan duk da haka.

Aiki: ku rubuta wannan tambaya sau biyar. Yaushe aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya?

Darasi na 4: Kafin a isa asibiti

Ku kira motar asibiti idan akwai. Idan babu, ku nemi kowace mota, ku nufi babban asibitin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Maras lafiya kada ya tuƙa kansa. Ku sassauta masa tufafin wuya. Idan hankalinsa ya gushe ko yana amai, ku kwantar da shi a gefensa don kada aman ya koma huhu. Ku tattara duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu ku tafi da su. Ku tafi da takardar lokaci.

Kada a ba shi ruwa. Kada a ba shi abinci. Kada a ba shi magani ta baki. Shanyewa takan taɓa maƙogwaro, sai abin da aka ba shi ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, wani lokaci ko tari ba zai yi ba. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da ciwon huhu su taso, kuma wannan yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shanyewa.

Asfirin ma kada a ba shi. Kun tuna iri biyu? Asfirin yana hana jini daskarewa, idan fashewa ce sai ya ƙara zubar jinin. Maganin hawan jini ma kada a ninka masa, domin faɗuwar jini da gaggawa tana ƙara yanke wa ƙwaƙwalwa abincinta.

A nan dole mu yi magana da ɗan zafi. An sha faɗa, an sha maimaitawa, amma har yanzu da an tashi gwaji sai a ji wani ya ce "sai in ba shi ruwa kaɗan ya ji sanyi", wani ya ce "sai mu bari ya huta zuwa safe mu gani". Haba jama'a! Manya ne ku, kuna riƙe da gidaje. Me za a gani da safe ban da hannun da ba zai ƙara ɗaguwa ba? Tausayin da zai kai ruwa huhu ba taimako ba ne. Idan wani babba a gida ya matsa, ku ba shi haƙuri cikin ladabi, ku ɗauki maras lafiya ku tafi.

Wani lokaci alamomin sukan tafi da kansu bayan mintoci kaɗan, mutum ya miƙe kamar ba shi ba. Wannan gargaɗi ne, babbar shanyewa takan biyo baya, musamman a kwanakin farko. A kai shi asibiti a ranar, a rubuta lokacin da ya fara da lokacin da ya sake shi.

Darasi na 5: A asibiti

Da isarku ku ce: "Muna zaton shanyewar ɓarin jiki ce, an yi masa ganin ƙarshe yana lafiya da ƙarfe kaza." Ku miƙa takardar.

Za a huda yatsa a auna suga, domin faɗuwar suga tana kama da shanyewa, kuma ita nan take ake gyara ta. Za a ɗauki hoton da ake kira siti sikan, ba ya zafi, cikin 'yan mintoci an gama. Idan toshewa ce kuma lokaci bai wuce ba, ana iya yin allurar. Ba kowa ake yi wa ba: wanda aka yi wa babbar tiyata kwanan nan, ko mai shan maganin tsinka jini, dole a faɗa wa likita. A wasu manyan asibitoci ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa kai a zaro gudan jinin, yawanci cikin awa 6, ga wasu har zuwa awa 24. Idan fashewa ce, likitoci za su sauko da hawan jini da ma'auni, wani lokaci a yi tiyata.

Ma'aikaciyar jinya za ta gwada haɗiyarsa. Sai ta ce ya ci, sannan ya ci. Idan ba ya iya haɗiya, ana sa bututu ta hanci zuwa ciki, kuma ga mutane da yawa na ɗan lokaci ne.

Darasi na 6: Jinya a gida

A zaunar da shi a miƙe kafin a ba shi abinci. Abinci mai laushi, ƙaramin cokali, a sa ta gefen bakin da ke da lafiya. A duba kunci bayan an gama, kada saura ya maƙale. Ya ci gaba da zama minti 30. Idan yana ƙwarewa, ko muryarsa ta yi kamar da ruwa a maƙogwaro, a dakata a sanar da likita.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa 2, dare da rana. A duba ƙugu, ƙasan baya, kafaɗa da dunduniya. Inda launin fata ya canza, ko ya yi zafi ko tauri, gyambo ne ke shirin fitowa, a ɗauke nauyi daga wurin.

Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar takan goce. A ɗora hannun a kan matashi. Wajen sa riga a fara da shi, wajen cirewa a ƙare da shi. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, a koma asibiti.

Darasi na 7: Zai warke?

Wasu sukan koma aikinsu, wasu su rayu da rauni, wasu su rasu. Ya danganta da girman sashen da ya lalace, da shekaru, da saurin kai shi asibiti. Sauƙi ya fi zuwa a wata 3 na farko, amma yana ci gaba bayan haka idan ana motsa gaɓoɓi kullum yadda likitan fisiyo, wato likitan motsa gaɓoɓi, ya koyar. A bar shi ya gwada da kansa ko da zai daɗe. Wanda magana ta gagare shi ba hankalinsa ne ya tafi ba, a yi masa gajerun tambayoyi a jira amsa. Kusan ɗaya cikin uku sukan shiga ciwon damuwa, kuma yana da magani.

Darasi na 8: Kada ta dawo

Hawan jini ne babban sanadi. Ana rubuta awonsa da lambobi biyu, kamar 140/90, daga nan zuwa sama ya hau. A sha magani kullum ko da jiki ya yi daɗi. Gishiri kada ya kai cokalin shayi ɗaya a yini. A bar taba. A kula da suga.

Darasi na 9: Wasu ciwukan kai

Zazzaɓi da sanƙarewar wuya: ana tsoron sanƙarau, asibiti nan take. Jijjiga: kada a sa komai a baki, idan ta wuce minti 5 a kai shi. Buguwa a kai, sai amai ko yawan barci: asibiti.

Aiki: ku rubuta kalmomi huɗu na Darasi na 2 ba tare da dubawa ba, sannan ku sake yin misali na biyu.