Darasi na Bakwai: Neman Aiki ga Makafi da Sauran Nakasassu

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ba nakasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Wato in ma'aikata ɗari ne, a samu biyar daga cikinku. A 2020 kuma aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa, ofishinta na Abuja. To, in ka je neman aiki, ba bara ka je ba.

Takardunka

Ka haɗa katin ɗan ƙasa, takardar shaidar karatu ko ta koyon sana'a, da hoton fasfo, ka sa su a jakar leda guda. Ka bar na ainihi a gida, ka tafi da kwafi.

Cika fom

Fom takarda ce mai tambayoyi, kowace tambaya da gurbin amsa a gefenta. In ba ka gani, ko hannunka bai riƙe biro, wani zai rubuta maka. Wannan ba abin kunya ba ne. Amma kada ka sa hannu, kada ka dangwala yatsa, sai an karanta maka.

Ka ce masa: "Don Allah karanta mini daga sama har ƙasa." Da ya zo kan sunanka, ka tsayar da shi, ya faɗi haruffan ɗaya bayan ɗaya. In katinka ya ce Muhammad, kada fom ya ce Mohammed, balle Mamman. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin ma'aikacin ofis mutum uku ne. Haka shekarar haihuwa. Lambar waya kuwa guda 11 ce, ka ƙirga da yatsu yana karantawa. In ka ji goma, ya sake.

An gyara kuskure? Madalla. A sake karantawa tun daga farko. Ko ɗanka ne ya rubuta, ko ɗan jagoranka da kuka shekara tare, a karanta. Ba rashin yarda ba ne, hannu yakan yi tuntuɓe. Malama, ke ma haka, ko maigidanki ne ya cika.

Na san wasunku za su ce na cika maimaici. To me ya sa kullum sai na ga an miƙa yatsa tun kafin mai karatu ya buɗe baki? Saurin me ake yi? Mutum ya kwana a layi, sannan ya ɓata abinsa da lamba ɗaya, ya zauna yana jiran kiran da ba zai zo ba, yana cewa an yi masa wariya. A daina, don Allah.

A gurbin abin da ka iya, ka faɗi aikinka: saƙar kujera, ɗinki, rubutun makafi, kwamfuta.

Ranar ganawa

Ka je da wuri. In kurma ne kai, ka nemi mai fassarar yaren hannu tun kafin ranar. In kana kan keke, ka tambaya ko akwai matakala.

Waya

Wayoyin Android suna da TalkBack, mai karanta saƙo da murya. A kunna maka.

Aikin gida: faɗi haruffan sunanka kamar yadda suke a katinka.