Kurakuran da aka fi yi wajen farfaɗo da dazuzzukan bakin teku da yadda ake gyara su

A gaɓar tekun ƙasashe masu zafi akwai itatuwan da ake kira mangurof, waɗanda ke tsirowa a cikin laka mai gishiri, inda ruwan teku ke cikowa ya janye. A tsakanin saiwoyinsu ne ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa ke girma kafin su fita teku, kuma su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai ga gidajen masunta. Saboda wannan amfani, gwamnatoci da ƙungiyoyi sun kashe maƙudan kuɗaɗe wajen dawo da su a wuraren da aka sare su, amma yawancin abin da aka dasa bai rayu ba, kuma a wasu wurare mutanen gaɓar ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Kurakuran da ke jawo haka sanannu ne, ana kuma maimaita su daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Babban kuskure, wanda sauran ke bin bayansa, shi ne dasawa a wurin da itacen bai taɓa tsirowa ba. Mangurof na da iyakar da yake zama a cikinta: daga matsakaicin tsayin ruwan teku zuwa inda ruwan ke kaiwa idan ya cika sosai. A wannan tsakanin, saiwoyinsa na samun iska a mafi yawan lokaci, domin ruwan ba ya rufe su fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na yini. Ƙasa da nan kuwa akwai shimfiɗaɗɗiyar laka da filayen ciyawar teku, waɗanda ido ke gani kamar fili ne da ba kowa, alhali gida ne na wasu halittu, kuma wuri ne da tsuntsaye ke neman abinci. Masu aikin dashe na son irin wannan fili domin babu mai jayayya da su a kansa. Sai a jera dubban 'ya'yan itace a layi, a ɗauki hoto, bayan 'yan watanni ruwa ya shaƙe su, ko igiya ta tumɓuke su, ko ƙananan halittu masu ɓawo su manne musu har su karye. Idan ma wasu sun rayu, to ciyawar tekun da suka danne ta mutu, an yi asarar wani muhalli da sunan gyara wani.

Ƙasar Filifin ta fi kowa sanin wannan. Dazuzzukanta na mangurof sun ragu daga kusan hekta 450,000 a 1918 zuwa kusan 120,000 a 1994, galibi saboda an mayar da su tafkunan kiwon kifi. Da masaniyar halittun ruwa Jurgenne Primavera da abokiyar aikinta suka bi diddigin ayyukan dashen da aka yi a ƙasar, sai suka bayyana a 2008 cewa abin da ke rayuwa na dogon lokaci bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. A Siri Lanka ma, bayan ambaliyar tsunami ta 2004 an yi ta dashe a gaɓa, amma binciken da aka wallafa a 2017 ya duba wurare 23, ya tarar a tara daga cikinsu ko itace ɗaya bai tsira ba, kuma uku ne kacal abin da ya rayu ya haura rabi.

Gyaran wannan kuskure yana farawa da tambaya guda: me ya hana dajin dawowa da kansa? Mangurof na zubar da 'ya'yansa a ruwa, su yi ta yawo har su sami laka mai tsayin da ya dace su kafa saiwa. Idan akwai lafiyayyen daji a kusa kuma ba a ga sabon tsiro ba, to wani abu ne ya tare hanya, sau da yawa bangon tsohon tafkin kifi, ko hanyar mota da ta toshe mashigar ruwa. Masanin muhalli Robin Lewis, wanda ya yi wannan aiki a jihar Fulorida ta Amurka, ya nuna cewa idan aka daidaita tsayin ƙasa aka buɗe wa ruwa hanyarsa, dajin na iya dawowa ba tare da an dasa ko ɗaya ba. A gundumar Demak da ke tsibirin Jaba na Indunusiya, inda teku ke cinye gaɓa, an kafa shingayen gora da ƙirare masu barin ruwa ya wuce amma su riƙe laka, domin ƙasar ta taru har iri ya sami wurin kamawa. Sai dai can ma nitsewar ƙasa da yawan haƙar ruwan ƙarƙashinta ke jawowa ta rage nasarar aikin, abin da ke nuna cewa wani lokaci tushen matsalar na can cikin gari, nesa da gaɓa. Wurin da ya fi cancanta a fara da shi shi ne tafkunan kifi da aka yi watsi da su, tunda a nan dajin yake tun asali. Wahalar kawai ita ce suna da masu su ko takardun haya, don haka sai an zauna an warware batun mallaka, aikin da ba ya fitowa a hoto amma shi ne mai amfanin.

Akwai kuma kuskuren dasa iri ɗaya a ko'ina. An fi ɗaukar nau'in Rizofora saboda 'ya'yansa dogaye ne, ana tsinko su a soka a laka cikin sauƙi, alhali a gaban teku mai igiya nau'in Abiseniya da Soneratiya ne ke jurewa. Wanda ya fi wannan muni shi ne kawo baƙon iri. A 1906 aka shigo da kwakwar nifa, wani tsiro dangin kwakwa da ke fitowa a lakar gaɓa, garin Kalaba daga Singafo domin ta hana zaizayar ƙasa, yau kuwa ta bazu a yankin Neja Delta har zuwa Kamaru, tana mamaye duk inda aka sare mangurof ko malalar mai ta kashe shi, kuma masunta na kukan cewa ba sa samun abin da suka saba samu a ƙarƙashinta.

Kuskuren da ya fi taɓa rayuwar mutane shi ne a ɗauki mazauna gaɓa a matsayin abokan gaban daji. Matar da ke sarar itace domin ta yi bandar kifi, da manomin da ya share wani yanki ya shuka shinkafa, ba mugunta ce ta kai su ba, abincin iyalinsu ke nan. A mashigar kogin Rufiji da ke Tanzaniya, masu bincike sun rubuta yadda aka ƙona bukkokin gonar manoman shinkafa da sunan kare daji, kuma abin da hakan ya haifar shi ne ƙiyayya tsakanin jama'a da jami'ai. Dokar da aka kafa ba da yardar mutane ba tana aiki ne muddin mai gadi na tsaye. Da ya juya baya, gatari zai koma aiki, wannan karon da dare kuma cikin gaggawa.

Abin da ya faru a Gambiya ya nuna wata hanyar. Matan da ke tsintar kawa, wato halittar nan mai ɓawo da ke mannewa a saiwoyin mangurof, sun kafa ƙungiyarsu mai suna TRY a 2007 ƙarƙashin jagorancin Fatou Janha Mboob, kuma a 2012 gwamnati ta ba su keɓantaccen ikon tsintar kawa a dausayin Tanbi da ke kusa da Banjul. Da ikon ya zama nasu, sai suka amince a rufe tsinta wata takwas a shekara, a buɗe daga Maris zuwa Yuni, suka kuma daina datse saiwa gaba ɗaya, suna ɓamɓaro manyan kawa su bar ƙanana su girma. A gani na, sirrin wannan tsari shi ne tabbacin da matar ke da shi cewa abin da ta bari bana ita ce za ta same shi baɗi. Duk aikin kariyar da bai ba mutane irin wannan tabbaci a rubuce ba, haƙuri kawai yake nema daga gare su.

Haka nan, hana sara ba tare da samar da madadi ba kuskure ne mai sauƙin gyarawa. A ƙauyukan Gazi da Makongeni na kudancin gaɓar Kenya, shirin Mikoko Pamoja na kare hekta 117 na mangurof, amma an dasa wa jama'a gandun wasu itatuwa masu saurin girma a kan tudu domin itacen girki da na gini. Kuɗin da ake samu daga sayar da shaidar iskar kabon da dajin ke riƙewa kuwa, wato abin da masu fitar da hayaƙi ke biya domin dajin ya ci gaba da riƙe iskar da ke ɗumama duniya, taron jama'a ne ke yanke abin da za a yi da shi, kuma an yi amfani da shi wajen samar da ruwan sha da littattafan makaranta. Wannan ciniki na kabon na bukatar taka tsantsan: kafin al'umma ta sa hannu, ya kamata ta san shekarun yarjejeniyar, da kason da zai shigo hannunta, da abin da za a hana ta yi a dajin, a kuma karanta mata takardar cikin harshenta, mata na wurin, domin su ne suka fi shiga lakar.

Saura batun yadda ake auna nasara. Rahotanni kan faɗi adadin abin da aka dasa, kamar yadda muka saba ji a gangamin dashen itatuwa na kowace damina, amma da wuya a ji adadin da ya rayu. Tallafin da ke ƙarewa cikin shekara biyu ba zai iya ba da wannan amsa ba, kuma inda gurɓata ta yi tsanani lokacin da ake bukata ya fi haka nesa ba kusa ba: rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan yankin Ogoni na Neja Delta, wanda malalar mai ta gurɓata, ya ƙiyasta cewa farfaɗo da muhallin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Saboda haka ya kamata tun ranar tsara kasafi a ware kuɗin sa ido na aƙalla shekara biyar, a biya mutanen ƙauyen su riƙa ƙirga itatuwan da suka rayu da sabbin da suka tsiro da kansu, su rubuta nauyin kifi da ƙaguwar da ake kamawa a kowane wata, sannan a ɗaura biyan kashi na ƙarshe na kwangilar a kan waɗannan alƙaluma.