Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tsayar da Lokacin Fitar da Buɗaɗɗiyar Manhaja

Buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke da damar duba rubutunta na asali ya gyara ya kuma rarraba, ba ta da shugaban da zai riƙe albashi a hannu ya ce lallai aiki ya ƙare ranar kaza. Masu aikin ko dai 'yan sa kai ne, ko ma'aikatan kamfanoni daban-daban da babu wanda ke ƙarƙashin wani. Saboda haka duk gardamar da ake yi a kan lokacin fitar da sabuwar siga, idan aka bi diddiginta, tana komawa ne ga tambaya guda: wa ke da ikon cewa wannan aikin ba zai shiga ba, ya jira zagaye na gaba?

Kuskuren da ya fi daɗewa shi ne ɗaure ranar fitarwa da kammaluwar wasu abubuwa da aka yi alkawari. A ido wannan tsari kamar hankali ne, amma yana da wani ciwo da ke ƙara wa kansa girma. Idan masu rubuta manhaja suka san cewa wanda ya rasa wannan sigar sai ya yi shekaru yana jiran gawon shanu, kowa zai yi ta tura aikinsa ko bai nuna ba, kowane ɗanyen aiki kuma yana jawo sababbin matsaloli da za su sake ɗage ranar. Abin ya zama kamar motar tasha da ba ta tashi sai ta cika, alhali duk lokacin da ta kusa cika sai a ƙara mata kujeru. Debian, wani tsarin sarrafa kwamfuta da 'yan sa kai ke haɗawa, ta fitar da sigarta mai suna Woody a watan Yuli na 2002, amma ta bayanta, Sarge, ba ta fito ba sai Yuni na 2005. Linux, ƙashin bayan tsarin sarrafa kwamfuta irin su Debian, ita ma ta ɗanɗana: tsakanin siga ta 2.4 a Janairun 2001 da 2.6 a Disamban 2003, masu rarraba ta sun gaji da jira har suka riƙa ɗebo sababbin abubuwa suna liƙa wa tsohuwar, kowane kamfani da irin facinsa.

Maganin da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da abokan aikinsa suka zauna a kai daga wajen 2005 ya cancanci a dube shi da kyau. Ana buɗe ƙofar karɓar sababbin abubuwa na mako biyu kacal. Daga nan sai a rufe, a riƙa fitar da sigar gwaji kowane mako, yawanci sau bakwai, wani lokaci takwas, ba a karɓar komai sai gyara. Cikin mako tara zuwa goma siga ta fito, a sake buɗe ƙofa. Amfanin wannan bai tsaya ga sauri ba. Ya sauƙaƙa wa jagora faɗin a'a, domin wanda aka mayar da aikinsa ya san wata biyu da ɗan kai kawai zai jira, don haka ba shi da dalilin tayar da jijiyar wuya. Wasu buɗaɗɗun manhajoji ma suna bin ƙayyadadden lokaci: GNOME da OpenBSD suna bin wata shida, harshen rubuta manhaja na Rust kuma mako shida tun daga 2015. Ita kanta Debian yanzu tana sanar da lokacin rufe ƙofa tun da wuri, tana kuma fitowa kusan duk shekara biyu.

Akwai kuma waɗanda suka fahimci darasin a baibai, suka mayar da kalanda abin da ba a taɓawa ko da manhajar na rushewa. Abin da ake ajiyewa idan lokaci ya ƙure shi ne sabon abin da bai kammala ba, ba inganci ba. Ubuntu, wani tsarin da aka gina a kan Debian, wadda ta yi suna da fitowa kowane Afrilu da Oktoba, ta ɗage sigarta ta farko mai dogon tallafi, wato wadda ake ci gaba da yi wa gyara na shekaru, da mako shida a 2006, shi ya sa lambarta, mai nuna shekara da wata, ta zama 6.06 maimakon 6.04. Gyaran a nan shi ne a rubuta tun farko irin matsalolin da ke hana fitarwa, kamar lalata bayanan mai amfani ko ƙin kunnuwa, a kuma ambaci wanda zai yanke hukunci, don kada a zo ranar ƙarshe a fara jayayya. Lambar da aka ba siga ma alkawari ce. KDE 4.0, manhajar fuskar kwamfuta da mai amfani ke gani, ta fito a Janairun 2008 a matsayin harsashi ga masu gini a kai, amma jama'a suka ɗauke ta kammalalliya, wasu masu rarrabawa suka miƙa musu ita, aikin bai fara farfaɗo da sunansa ba sai da 4.2 ta fito bayan shekara guda.

Kwaikwayon saurin wasu ba tare da duba masu amfani da taka manhajar ba shi ma kuskure ne. Da Firefox, manhajar shiga intanet ta Mozilla, ta koma fitowa duk mako shida a 2011, makarantu da ma'aikatu suka koka cewa kafin su gama gwada siga wata ta fito, sai Mozilla ta samar musu da mai dogon tallafi a 2012. Kowane aiki da saurin da ya dace da masu amfani da shi: Kubernetes, manhajar tafiyar da ayyuka a kan kwamfutoci masu yawa, ta rage fitarwa daga sau huɗu zuwa uku a shekara a 2021, harshen rubuta manhaja na Python kuwa ya ƙara sauri, ya rage tazararsa daga wata 18 zuwa 12.

Sanar da babbar siga da za ta sake komai daga tushe, tun kafin a san yadda mutane za su ƙaura zuwa gare ta, yana daga cikin kurakurai masu tsada. An sanar da Perl 6, sabuwar sigar harshen rubuta manhaja na Perl, a 2000, ba ta fito ba sai Disamban 2015, a 2019 kuma aka sauya mata suna zuwa Raku domin ta riga ta zama wani harshe dabam. Tsawon waɗannan shekaru sunanta kaɗai ya sa mutane da yawa suna kallon Perl 5 a matsayin abin da ya kusa shuɗewa. Python 3.0 ta fito a Disamban 2008 ba ta jituwa da ta gabanta, sai da aka ci gaba da tallafa wa Python 2 har 1 ga Janairun 2020. Abin da ya fi dacewa shi ne a riƙa shigar da sauyi kaɗan-kaɗan, a sanar da abin da za a cire tun sigogi da dama kafin a cire shi, a kuma tanadi hanyar da rubutu ɗaya zai yi aiki a tsohuwa da sabuwa.

Ta fuskar jagoranci, jingina komai ga mutum ɗaya yana tafiya daidai ne muddin mutumin na nan da ƙarfinsa. Guido van Rossum ya ajiye jagorancin Python a Yulin 2018 bayan zazzafar muhawara a kan wata shawara mai lamba 572, ya tafi bai naɗa magaji ba, sai da masu aikin suka shafe watanni kafin su kafa majalisar mutum biyar da ake zaɓa. A watan Satumba na shekarar, Torvalds ya ɗauki hutu bayan ya nemi afuwa kan kaushin harshensa, amma aiki bai tsaya ba: Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya fitar da siga ta 4.19, domin akwai tsarin da kowa ya sani da kuma mutumin da aka riga aka amince da shi. Abin da ya sami XZ Utils, manhajar matse fayiloli, ya fi ban tsoro. Mutum ɗaya ne ke ɗauke da ita, aka yi ta matsa masa cewa aiki ba ya sauri, har ya ba wani da bai sani ido da ido ba ikon fitar da siga, wanda ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka gano a Maris na 2024. Ya kamata aƙalla mutum biyu su iya fitarwa, matakan su kasance a rubuce, kuma wani ya duba abin da ɗan'uwansa ya haɗa kafin ya fita.

Idan kamfani ko ƙungiya ta riƙe makullin fitarwa ta bar masu aiki suna jira, ƙarshenta ɓallewa ce. Hakan ta faru da GCC, manhajar da ke mayar da rubutun masu shirya manhaja abin da kwamfuta za ta iya aiwatarwa, a 1997, har reshen da ya ɓalle, EGCS, ya zama shi ne GCC na hukuma a 1999. A ƙarshen 2014 masu aikin Node.js, manhajar tafiyar da shirye-shiryen da aka rubuta da harshen JavaScript, suka ɓalle suka kafa reshensu mai suna io.js saboda jinkiri a ƙarƙashin kamfanin Joyent, ba a kuma haɗe ba sai da aka mayar da iko ga gidauniya da kwamitin fasaha, aka fitar da siga ta 4.0 a Satumban 2015.

Kwamiti ma ba ya wadatarwa idan ba a tanadi yadda za a raba gardama ba. A Fabrairun 2014 kwamitin fasaha na Debian ya rabu huɗu da huɗu tsakanin systemd da Upstart, manhajoji biyu masu tayar da ayyukan kwamfuta idan an kunna ta, shugabansa ya yi amfani da ƙuri'ar raba gardama da kundin tsarin aikin ya ba shi. Wasu sun fusata har suka kafa nasu reshen mai suna Devuan, amma hukuncin ya tsaya, Debian 8 ta fito da systemd a Afrilun 2015.