Yadda ake bin salsalar gidan masu ƙasa na Sikotlan da rassansa

Duk ɗalibin tarihi da ya zauna da takardun zamanin Ingilishi a Sudan, ba ya daɗewa sai ya fara cin karo da sunaye irin su Campbell, Gordon da Stewart. Da dama daga cikin mufattishai, wato jami'an mulkin gunduma, da hafsoshin wancan lokaci 'yan asalin Sikotlan ne, wasunsu kuma ƙannen magada ne a gidajen masu ƙasa, waɗanda ba su da rabo a gandun uba, suka fita neman na kansu. Ana iya gano gidan da mutum ya fito da reshen da yake, ko daga Gadarif ko Bur Sudan, muddin akwai waya da intanet da haƙuri.

A Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani a Sudan, idan dattijo zai kawo salsala, sunaye yake jerawa, wane ɗan wane ɗan wane, har ya kai ga kakan da ya taso daga ƙasar Sakkwato. Wanda ya ɗauki wannan hanya zuwa Sikotlan zai ɓace tun a kaka na uku. Tsohuwar al'adarsu ce a sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu kuma na wajen uwa, saboda haka a kwari ɗaya sai ka tarar da John Campbell huɗu ko biyar suna raye lokaci guda, duk dangin juna. Ƙasa ce ke raba su. Ita za ka riƙe, ita za ta kai ka ga mutanen.

Ka fara da lura da 'yar kalmar da ke bin suna. Idan an rubuta Campbell of Glenorchy, wannan "of" na nufin shi ne mai ƙasar Glenorchy. Idan "in" aka sa, mutumin ɗan haya ne, yana zaune yana noma a ƙasar wani. A nan sababbin masu bincike suka fi tuntuɓe, su ɗauki manomi su ɗora shi kan gadon mai gida. "Younger of" magaji ne da ubansa ke raye. "Of that Ilk" kuwa yana nufin sunan gidan da sunan ƙasar ɗaya ne. A laƙabin girmamawa na baya-bayan nan abin ya canza: Reginald Wingate, wanda ya yi gwamna-janar na Sudan daga 1899 zuwa 1916, an ba shi sarautar baronet a 1920 da laƙabin Dunbar da Bur Sudan, amma ba wai ya mallaki garuruwan ba ne.

Kada ka soma daga kakan farko da ake ba da labarinsa. Ka soma daga mutumin da ka tabbatar da shi, ka riƙa komawa baya taki ɗaya-ɗaya. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Sikotlan ranar 1 ga Janairu 1855, kuma takardar mutuwarsu tana da albarka, domin tana kawo sunan uban mamaci da na uwarsa har da sunan gidan da uwar ta fito. Tsohon da ya mutu a 1860 yana da shekara tamanin ya buɗe maka ƙofar ƙarni na 18 ke nan. Ana samun waɗannan a shafin ScotlandsPeople na hukumar adana takardun ƙasar da ke Edinbara. Duba jerin sunaye kyauta ne, buɗe hoton takarda ne ake biya, kuma a intanet sai haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce 75, mutuwar da ta wuce 50. Idan katin bankinka ba ya biya a ƙetare, ka nemi ɗan'uwa a Jidda ko Riyad ya saya maka. Duk hoton da ka buɗe ka sauke shi nan take, kada ka jira sai wuta ko layi ya ɗauke.

Kafin 1855 sai kundayen coci, waɗanda mafi tsufansu ya faro daga 1553. Suna da giɓi sosai, kuma gidajen da ba sa bin cocin hukuma sau da yawa ba sa ciki. Kada ka ɓata lokaci mai yawa a kansu.

Aikin gaske yana cikin takardun ƙasa. A 1617 aka fara shigar da sauyin hannun ƙasa a kundin da ake kira Register of Sasines. A da sai an je kan filin, a debi ƙasa da dutse a danƙa wa sabon mai shi a gaban shaidu, sannan marubuci ya rubuta abin da ya gani. Takardar kan faɗi wa ya bayar, wa ya karɓa, mene ne tsakaninsu, wani lokaci har da matar da aka ware wa cin amfanin wani yanki iya rayuwarta. Daga 1781 akwai taƙaitattun bayanai gunduma-gunduma, da su ake farawa. Mafi yawan tsofaffin kundayen sai a ɗakin bincike na Edinbara, saboda haka ka tanadi sunan ƙasar da gundumar da shekarun da kake nema kafin ka rubuta neman kwafi ko ka ɗauki wani ya duba maka.

Sai takardar tabbatar da magaji, wadda suke kira retour. A da, idan mai ƙasa ya mutu, akan tara mutanen yankin su yi rantsuwa cewa wane ne magajinsa na halak. Da Latin ake rubuta ta har 1847, amma kalmomin da kake bukata kaɗan ne: filius ɗa, frater ɗan'uwa, avus kaka. Mai rikitarwa ita ce nepos, domin tana iya nufin jika, tana iya nufin ɗan ɗan'uwa, kuma kuskure a kanta yana ƙara ko rage tsara guda cur a salsala. Haka kuma shekarar takardar ba lallai ita ce shekarar mutuwar ba. Wani magajin sai bayan shekaru, sa'ad da zai sayar ko ya jinginar da ƙasar, yake neman a tabbatar da shi.

Wanda ya tashi da ilimin rabon gado na Musulunci sai ya sake tunani a nan. A dokarsu ta da, babban ɗa namiji ne ke ɗauke ƙasa gaba ɗaya, kuma kafin 1868 ba a iya ba da ƙasa ta wasiyya, sai kuɗi da dabbobi da kayan ɗaki. Shi ya sa za ka karanta wasiyyar mai gida ka ga babu sunan babban ɗansa, ka zaci bai haife shi ba. Amfanin wasiyya shi ne ƙannen da 'ya'ya mata, wato tushen rassan. Wasiyyoyin 1513 zuwa 1925 suna kan ScotlandsPeople. A wancan zamani idan babu ɗa namiji, 'ya'ya mata ne ke raba ƙasar daidai wa daida. Mace kuma a takardun shari'a da sunan gidan ubanta ake kiranta ko bayan aure, abin da ke sauƙaƙa gane matar fari da ta biyu.

Reshe yakan samu ne idan ƙane ya sami ƙasar kansa, ta kyautar uba ko saye ko aure, sai a fara kiransa da sunanta. Dokar 1685 ta ba mai ƙasa ikon ɗaure gandunsa, ya jera waɗanda za su gada bi da bi idan zuriyar wani ta ƙare. Wannan takarda, tailzie, kusan taswirar rassan gida ce da hannun mai gidan. Takan kuma shar'anta cewa duk wanda ya gada ya ɗauki sunan gidan, don haka mutum na iya amsa sunan da ta wajen uwa ya same shi. Dubi gidan Campbell na Breadalbane, wanda shi kansa reshe ne da ya faro daga Glenorchy a ƙarni na 15. Da mai gidan ya mutu a 1862 ba ɗa, sai rassa biyu na nesa, Glenfalloch da Boreland, suka shiga shari'a a kan ingancin wani aure na kakanni, har majalisar dattawan Birtaniya ta ba Glenfalloch gaskiya a 1867. Takardun irin wannan ƙara taska ne, domin kowane ɓangare sai ya kawo hujja a kan kowace haihuwa. Takardun gidan kansu suna Edinbara ƙarƙashin lamba GD112.

Tambarin gida ma shaida ne, in an san karatunsa. A Sikotlan tambari na mutum ɗaya ne, ba na duk masu suna ɗaya ba. Ofishin Lord Lyon yana rajistarsu tun 1672, kuma ɗan reshe sai ya nuna yadda ya haɗu da asalin gidan kafin a ba shi nasa da ɗan bambanci, galibi zobe a gefen garkuwar da ke cikin tambarin.

Littattafan da aka buga suna taimakawa wajen shata hanya. The Scots Peerage, juzu'i 9 da suka fito tsakanin 1904 da 1914, yana kawo madogararsa kuma ana samunsa kyauta a intanet. Littafin Burke's Landed Gentry kan masu ƙasa ya dogara sosai da abin da gidajen suka aika, ga shi ana yawan tsallake 'ya'ya mata da ƙannen da suka shiga kasuwanci. Abin da ka ɗauko daga littafi ka rubuta da fensir, sai ka ga takarda sannan ka bi da biro.

Ka kula da lissafi. Sikotlan ta mayar da farkon shekara 1 ga Janairu tun 1600, Ingila kuwa sai 1752, saboda haka watan Fabrairu ɗaya na iya ɗaukar shekara biyu daban a takardun ƙasashen biyu. Fam 12 na Sikotlan kuma shi ne fam 1 na Ingila a 1707, kada garar amarya ta ruɗe ka.

Kowane mutum ka ba shi shafinsa, a kai sunansa da ƙasarsa da shekarar farko da ta ƙarshe da ka gan shi a takarda. Idan wanda kake bi ya yi aiki a Sudan, ka nemi sunansa a jerin rumbun takardun Sudan na Jami'ar Durham, wanda aka kafa a 1957. Wasiƙar da mufattishi ya aika gida daga Sinnar ko Kasala takan ɗauki adireshin uwarsa ko yayansa, sunan gidan da ke kan ambulan kuwa shi za ka shiga nema a kundin ƙasa.