Yadda ake haɗa faifan ɗora Windows mai ɗauke da sabuntawa da direbobi

Duk mai gyaran kwamfuta a Maradi ya san inda yini yake tafiya. Ɗora Windows a kan SSD ba ya ɗaukar lokaci, wahalar tana bayan an gama: na'ura ta tashi babu Wi-Fi, babu sauti, sai ka jona wayarka ka zauna kana kallon sabuntawa tana shan data. Gobe a kawo wata, ka sake biyan kuɗin abin da ka riga ka sauke jiya. Wanda kuma ke zuwa aiki Dakoro ko Mayahi, inda intanet kan yi rauni a wasu wurare, ya fi kowa jin jiki. Mafita ita ce ka sauke sabuntawa da direbobi, wato manhajojin da ke sa Wi-Fi, sauti da sauran sassan na'ura aiki, sau ɗaya, ka cusa su cikin faifan ɗorawa, na'ura ta tashi a shirye.

Abu na farko shi ne asali. Ka sauke ISO, wato fayil ɗaya mai ɗauke da dukan faifan ɗora Windows, daga shafin Microsoft kai tsaye. Ka guji irin faifan nan da ke yawo daga shago zuwa shago, wanda ake cewa an rage masa nauyi. Ba ka san wanda ya haɗa shi ba, ba ka san abin da ya cire ko ya ƙara ba, alhali a kan waɗannan na'urori ne ɗan kasuwa ke ajiye lissafinsa, ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ke ajiye kundinsa. Amana ce a hannunka.

Ka yanke shawarar wace Windows za ka haɗa. Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawa ta kowa da kowa tun ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma 22H2 ce fitowarta ta ƙarshe. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura, da RAM 4GB, da wurin ajiya 64GB, sannan a ɓangaren Intel, processor daga zubi na 8 zuwa sama. Da yawa daga cikin tsofaffin na'urorin da ke shigowa ba su kai nan ba, don haka kusan dole ka riƙe faifai biyu, kuma ka faɗa wa mai na'ura gaskiyar halin da tasa take ciki. Akwai batun harshe ma: ma'aikatu da makarantu sun fi son Faransanci, masu hulɗa da Katsina da Kano kan nemi Turanci. Kowane harshe da nasa ISO, amma fayil ɗin sabuntawa ɗaya ne ke yi wa duka aiki.

Ka samu na'ura mai sarari kamar 30GB da batir mai riƙe caji, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin nan tana iya ɓata shi. Windows ɗin da ke kanta kada ta gaza wadda kake haɗawa sabunta. A cikin C ka buɗe folda mai suna Aiki, a cikinta ka buɗe huɗu: iso, rumbu, sabo, direba. Ka danna ISO sau biyu, ka kwafe duk abin da ke ciki zuwa iso. Daga nan ka buɗe cmd, tagar rubuta umarni, da ikon admin, ka cire makullin da ke hana rubutu a kan fayilolin, ka duba abin da ke cikin faifan:

attrib -r C:\Aiki\iso\*.* /s

dism /Get-WimInfo /WimFile:C:\Aiki\iso\sources\install.wim

Fayil ɗin install.wim shi ne ke ɗauke da Windows ɗin kanta. Umarni na biyu zai jero maka Home, Pro, Education da sauransu, kowace da lambarta. Ka lura da lambar wadda kake so, domin ita kaɗai aikinka zai shafa. A nan mutane da dama ke gaggawar zaɓar Pro, alhali na'urori da yawa sun zo daga kamfani da lasisin Home a cikin allonsu na ciki, wato motherboard. In ka ɗora musu Pro, ba za ta karɓi wannan lasisi ba. Ni ina ganin ya fi kyau ka yi wa Home da Pro aikin ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma install.esd ka gani maimakon install.wim, alamar da Media Creation Tool aka haɗa ISO ɗin, sai ka fara juya shi da umarnin /Export-Image, don ba a yin gyara a cikin esd. Kafin ka taɓa komai, ka kwafi install.wim na asali ka ajiye a gefe.

Sabuntawa ana samunta a Microsoft Update Catalog. Kowace Talata ta biyu a wata ake fitar da babba guda wadda ta ƙunshi na baya, saboda haka ta ƙarshe kawai kake bukata. Ka tabbatar ta dace da fitowar ISO ɗinka, kuma x64 ce, ba arm64 ba. A Windows 11 24H2 za ka iya ganin fayil fiye da ɗaya a wurin saukewa, ka sauke su duka ka zuba a folda sabo, babban yana dogara da ɗan'uwansa.

Direbobi su ne inda ya kamata ka natsu. DISM, manhajar da muke ba waɗannan umarni, ba ya karɓar fayil ɗin exe, sai folda mai ɗauke da inf da abokan tafiyarsa. HP da Dell da Lenovo suna fitar da kunshin direbobi na na'urorinsu na ofis, wanda ake warwarewa ya ba da inf, wasu exe ɗin ma 7-Zip yana buɗe su. Amma hanya mafi sauƙi, wadda ba ta cin data ko kaɗan, ita ce ka kwashe daga na'ura mai lafiya. Duk lokacin da aka kawo maka wadda komai nata ke aiki, kafin ka goge ta ka rubuta:

dism /Online /Export-Driver /Destination:E:\direba\EliteBook840G5

Ka fara buɗe foldar kafin ka ba da umarnin, ka kuma sa mata sunan samfurin. A hankali za ka tara na duk na'urorin da suka fi zuwa shagonka. Sai dai kada kwaɗayi ya sa ka zuba su duka cikin faifai ɗaya. Direban allo shi kaɗai yana iya kai ɗaruruwan MB, faifan ya kumbura, ɗorawa ta yi nauyi. Abin da ya zama dole shi ne na Wi-Fi da LAN, na chipset, na wurin ajiya, na sauti da na linzamin taɓawa, su za ka kwafa zuwa foldar direba da ke cikin Aiki. Na firinta da sikana ka bar su a wata folda daban a filas, ka sa wa mai bukata.

Yanzu sai buɗe install.wim a cikin foldar rumbu. Ka sa lambar da ka gani ɗazu a madadin 6, sunan fayil ɗin sabuntawarka kuma a madadin sabo.msu:

dism /Mount-Image /ImageFile:C:\Aiki\iso\sources\install.wim /Index:6 /MountDir:C:\Aiki\rumbu

dism /Image:C:\Aiki\rumbu /Add-Package /PackagePath:C:\Aiki\sabo\sabo.msu

dism /Image:C:\Aiki\rumbu /Add-Driver /Driver:C:\Aiki\direba /Recurse

dism /Image:C:\Aiki\rumbu /Cleanup-Image /StartComponentCleanup

dism /Unmount-Image /MountDir:C:\Aiki\rumbu /Commit

Umarni na biyu yana daɗewa, wani lokaci lambar ta tsaya cak kamar motar da ta kafe a yashi. Ka ƙyale shi, aiki yake yi. Kafin na ƙarshe ka rufe duk tagar da ta buɗe foldar rumbu, in ba haka ba zai ƙi rufewa. Idan wani abu ya lalace, ka sauya /Commit da /Discard, ka sake daga farko.

Saura boot.wim, wanda mutane ke mantawa da shi. Shi ne ƙaramin Windows da ke tashi daga filas ya nuna maka shuɗin allon ɗorawa. Ka ɗauka an kawo sabuwar laftof mai Intel zubi na 11, yaron shago ya kai wurin zaɓar inda za a ɗora, ya ga wurin fayau, ya juyo ya ce, "Maigida, SSD ɗin nan fa ya mutu." Mai na'ura yana tsaye, har ya fara lissafin kuɗin sabo. SSD lafiyarsa ƙalau, boot.wim ne ba shi da direban Intel RST da waɗannan na'urori ke nema idan VMD, wani saitin Intel na wurin ajiya, yana kunne. Ka buɗe boot.wim kamar yadda ka buɗe wancan, da /Index:2, ka sa masa wannan direba da na USB in da bukata, ka rufe da /Commit. Ka tabbatar direban yana cikin install.wim shi ma, don kada a gama ɗorawa na'ura ta kasa tashi.

Haɗa ISO ana yi da oscdimg, wanda ke cikin Windows ADK, kunshin kayan aiki da ake saukewa daga Microsoft. Wurin girka ADK ka zaɓi Deployment Tools kaɗai, ka buɗe tagar umarninsa ka rubuta wannan a layi ɗaya:

oscdimg -m -o -u2 -udfver102 -bootdata:2#p0,e,bC:\Aiki\iso\boot\etfsboot.com#pEF,e,bC:\Aiki\iso\efi\microsoft\boot\efisys.bin C:\Aiki\iso C:\Aiki\Windows.iso

Wannan ISO zai tashi a na'ura mai tsohon tsarin BIOS da kuma mai sabon tsarin UEFI. Faifan DVD na yau da kullum 4.7GB yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5GB, don haka sau da yawa na farkon ba zai isa ba, ga shi laftof na yanzu ba su ma da wurin sa shi. Filas mai 16GB da manhajar Rufus sun fi. Rufus ya san yadda zai yi da babban fayil. In da hannu za ka kwafa zuwa filas mai FAT32, ka tuna ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, sai ka raba install.wim da /Split-Image, ka sa /FileSize:3800, ka kwafi gutsattsarin swm a madadinsa.

Kada ka fara gwaji a kan na'urar mutane. Ka gwada a VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin taka, ka ga ɗorawar ta kai ƙarshe, ka rubuta winver ka ga lambar ta nuna sabuntawar ta shiga. Direbobi kuwa sai a na'ura ta gaske ake sanin lafiyarsu: ka ɗora ba tare da intanet ba, ka buɗe Device Manager ka nemi alamar rawaya, ka kunna sauti, ka ga ko Wi-Fi yana ganin wayarka. Wanda ya rage ka nemo shi ka ƙara a zagaye na gaba.

Faifan nan ba ya ba da lasisi. Na'urar da ta zo da nata za ta karɓa da kanta idan ta hau intanet, wadda ba ta da shi mai ita ne zai saya. Ka rubuta wata da shekara a jikin filas ɗin. Bayan wata biyu ko uku ka sauke sabuwar sabuntawa, ka fara daga install.wim na asali da ka ajiye a gefe, domin in ka riƙa tara sabo a kan wanda ka riga ka cika, girmansa zai yi ta ƙaruwa.