Yadda ake zaɓen kulochi da filawil ga motar da aka ƙara wa ƙarfi

Da zarar an taɓa kwamfutar inji ko an ɗaura turbo mafi girma, kulochi ne ke fara kokawa, domin kamfani ya auna shi ne daidai da ƙarfin da motar ta fito da shi, da 'yar rara kaɗan. Golf GTI ƙirar Mk5 ta fito da ƙarfin murɗa 280 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin da inji ke juyawa da shi). Idan aka sake mata lissafin kwamfuta yakan doshi 350, wani lokaci ya wuce, faifan kulochi na asali kuwa ba a yi shi don wannan nauyi ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, tabbatar kulochin ne da laifi. Hau titin Birnin Kebbi zuwa Jega lokacin da babu cunkoso, sa giya ta huɗu ko ta biyar kana tafiya a hankali, sannan ka danna totur har ƙasa. In allurar inji ta tashi sama amma motar ba ta ƙara sauri ba, faifan yana sulɓewa, sau da yawa ma za ka ji ƙauri. In kuwa giya ce kawai ke gardamar shiga, a fara duba man kulochi da famfunansa.

Daga nan sai ka koma wurin wanda ya yi aikin injin, ka ce, "Maigida, nawa ne ƙarfin murɗarta yanzu?" Ba ƙarfin doki kake tambaya ba, domin da Nm ake auna abin da kulochi zai iya riƙewa. Ɗora kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a kan adadin da ya faɗa. Mai 350 ya nemi wanda zai riƙe 420 zuwa 455. Kada rubutun Stage 2 ko Stage 3 da ke jikin kwali ya ruɗe ka, kowane kamfani da nasa ma'aunin. Adadin Nm za ka duba.

Yanzu sai fatar faifan, kuma a nan ne samari suka fi jefa kuɗinsu a rijiya. Akwai fata irin ta asali, mai kamawa sannu a hankali. Akwai ta Kevlar, mai daɗewa, amma in ta sha zafi fiye da kima takan yi santsi. Sai ta siramik, wadda ake yi da kunnuwa huɗu ko shida maimakon cikakken faifai. Ita ce ke jure zafi sosai, ita ce kuma kowa ke sha'awa. Sai dai ba ta san lallashi ba: ko ta kama gaba ɗaya, ko ta saki. Ka ƙiyasta kanka a bakin babbar kasuwa da rana tsaka a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, 'yan kabu-kabu na kutsowa ta hagu da dama, kai kuma kana ɗaga ƙafa motar na fizga, tana karkarwa, tana mutuwa. Ga cin fuskar filawil da take yi, wato babban ƙarfen da ke juyawa a bayan inji wanda faifan kulochi ke kamawa. A ganina, motar da ake zuwa aiki da ita, a kai iyali Argungu ko Sakkwato, cikakken faifai mai fata ta asali ya fi dacewa da ita, a haɗa shi da murfin matsi mai ƙarfi, wato murfin da ke danne faifan a jikin filawil. Ƙafar hagu za ta ɗan ji nauyi, amma an saba da shi nan da nan.

Filawil iri biyu ne. Motocin Jamus da yawa suna zuwa da mai ɓari biyu, wanda kamfanin LuK ya fara fitarwa a 1985. Akwai sifirin a tsakaninsa da ke shanye girgizar inji kafin ta kai ga giyabos. Yana da tsada, kuma ba a kai shi a goge masa fuska. In ya yi shuɗi saboda zafi, ko yana zubar da giris, ko yana ƙwanƙwasa yayin tayar da mota, ya gama. Ɗayan dunƙulallen ƙarfe ne. In an rage masa nauyi inji yana saurin tashi, amma za ka riƙa jin kwaramniyar giyabos idan mota na tsaye a kunne, kuma tashi daga tsaye yana buƙatar ƙarin totur. Duk wanda ya koma dunƙulalle, lallai ya haɗa shi da faifai mai sifirin a cibiya, in ba haka ba haƙoran giya ne za su sha girgizar.

Wajen saye, yawanci daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas ake aiko da kayan. Aika lambar shasi, faɗin faifan, da yawan haƙoran cibiyarsa. Sachs, LuK, Exedy da Valeo sanannun kamfanoni ne; a turo maka hoton lambar da ke jikin ƙarfen kansa. Filawil mai ɓari biyu na hannu, ka ƙyale shi, ido ba ya ganin sifirin da ya gaji a ciki.

Tunda an riga an sauke giyabos, a sauya boris ɗin kulochi da robar da ke tare baƙin mai a bayan inji, don ɗigon mai kaɗan ya isa ya lalata sabon faifai. A sa sababbin kusoshin filawil, a ɗaure su da sifana mai awo. Ka tsaya a garejin ka ga an wanke fuskar ƙarfen tas kafin a rufe.

Bayan an haɗa, yi kamar kilomita 800 kana tuƙin cikin gari, kana yawan sauya giya, ba fizga, ba danna totur ƙasa. Doguwar tafiya a giya ɗaya ba ta shiga lissafi, domin faifan ba ya gogawa a lokacin.